Kujerar da Ke Gefen Habi

Duk wanda ya taɓa jiran mota a mararrabar Abu Na'ama kafin wannan yaƙi ya san Habi mai gyaɗa, ko da bai taɓa tsayawa ya saya ba. Ita ce 'yar siririyar dattijuwar nan da ke zama gindin dogonyaro, ƙafar hagu a miƙe saboda gwiwar da ta daina lanƙwasuwa, da faranti biyu a gabanta, ɗaya na gyaɗa soyayyar yashi, ɗaya na ƙuli-ƙuli. Ba ta damu da tallan kayanta ba, mutane take talla. Direba bai isa ya wuce ba tare da ta kira shi da sunansa, da na ubansa, da wanda ta laƙaba masa tun yana yaron mota ba. Akwai wanda ta sa wa Birki-sai-Allah, har ya yi furfura sunan bai sake shi ba. Bakin Habi dai sai a bar shi. In ta zage ka dariya za ka yi, sai ka isa gida zagin ya fara yi maka zafi.

Amma wannan bakin da bai bar sunan kowa ya huta ba, akwai suna ɗaya da ya yi shekara arba'in da 'yan kai bai fito daga cikinsa ba, shi ne sunan ɗanta na fari.

A Hillar Malam Sa'id aka haife ta, wani ƙauye a bakin kogi, 'yar tafiyar jaki daga mararrabar. Kakanninsu daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa za su Makka, da suka iso nan guzuri ya ƙare, suka ce bari a yi damina ɗaya a huta. Daminar ce har yau ba ta ƙare ba. Sun koyi Larabci, sun saba da cin wainar kisra da shan gahawar jabana, matansu sun koma yafa tob irin na matan ƙasar, amma akwai abubuwan da suka taho da su a ƙulle, ba su yarda sun kwance ba. Kunyar ɗan fari tana ciki. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta zama tabarma ɗaya da shi, in da hali ma ba ta yi masa magana kai-tsaye. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya sani. Mace ce take nuna an yi mata tarbiyya.

Habi kuwa ba ta iya abu rabi da rabi ba. Da ta haifi Salih, ana yaye shi uwar mijinta ta ɗauke shi zuwa ɗakinta, can ƙarshen gida. Yaron ya tashi yana ce wa kakarsa Inna, yana ce wa uwarsa Adda, kamar yadda ya ji ƙannen ubansa suna kiranta. Ita kuma a bakinta sunansa "wancan". Larabawan maƙwabta, waɗanda a wurinsu babu girman da ya kai a kira mace da sunan ɗanta na fari, sukan ce mata Ummu Salih. Sai ta yi kamar da wata ake. Wata rana wata ta matsa mata, Habi ta ce, "Ke dai sayi gyaɗarki ki tahi, uwayen mutane suna gidajensu."

Wanda duk ya zauna gidan ya san inda ranta yake. Lokacin da ƙyanda ta kama yaron a ɗakin kakarsa, Habi ba ta leƙa ba ko sau ɗaya, amma ta kwashe turminta ta kai bayan wannan ɗakin, ta wuni tana dakan abin da ya riga ya daku, kunnenta yana jikin bango. Ranar da aka ce ya ci jarrabawar shiga makarantar Sannar, ta kama babban zakaranta ta miƙa wa mijinta Almu, ta ce a yanka mata shi, cararsa ta ishe ta. Almu ya dube ta ya yi murmushi, bai ce komai ba, domin shi ma yana da tasa kunyar.

Salih ya yi karatu, ya sami aiki a Bur Sudan, a wani kamfanin da ke fitar wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa. Ya auri wata 'yar can mai suna Ibtisam, wadda Hausarta ba ta wuce "sannu" ba. Almu ya rasu, ya bar wa Habi 'yar gonar albasarsa ta bakin kogi da 'ya'ya mata da suka watsu gidajen aure, sai autarta Abrar da ta rage a gabanta. Kowace kaka, gyaɗar farko da Habi ta soya ba ta sayarwa. Takan ƙulle ta a leda biyu ta miƙa wa direban da ta yarda da shi, ta ce, "A kai wa wancan na bakin teku. In ka buɗe a hanya Allah na ganinka, ni ma zan ji."

Abrar ita ce ta cinye duk abin da aka hana yayanta. Ta girma, ta yi makaranta, amma har yanzu kan cinyar uwar take ɗora kai tana danna waya. Yumma take ce mata, Larabcinta ya fi Hausarta gudu, kuma ba ta taɓa ɓoye cewa wannan al'ada ba ta shiga kanta ba.

"Yumma, wallahi haram. Mutum da gemunsa, ki ƙi faɗin sunansa?"

"Mi sunan zai ƙara masa? Tsawo?"

A rani na ƙarshe kafin yaƙi, Ibtisam ta haifi 'ya mace, aka sa mata sunan Habi. Salih ya ce lallai Adda ta zo ta ga takwararta, ta ga gidansa, ta kuma ga tekun nan da kakanninta suka taso nema ba su kai ba. Sai dai gwiwarta ba za ta ɗauki wuni da kwana a bas ba. Ya ce jirgi za ta hau daga Khartum, kuma a kujerun gaba, daraja ta ɗaya, inda za ta miƙe ƙafarta yadda take so.

Wata la'asar ya kira Abrar don su yi shawara. Wayar a buɗe take, Habi tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ta juya musu baya kamar maganar wasu ake yi. Kamfani biyu ne, in ji Salih. Akwai mai hoton barewa a wutsiya: jirginsu sabo ne, ba su cika makara ba, in ka fasa tafiya su mayar maka da kuɗinka a hannu. Akwai kuma mai hoton dabino: jirgin ya kwana biyu, sukan shanya mutane a filin jirgi, in kuma ka fasa ba sa mayar da ko sisi, sai dai su rubuta maka rasid, wato kuɗin su zauna a wurinsu da sunanka har ranar da ka tashi tafiya.

"To ina abin shawara a nan, Yaya?" in ji Abrar. "Barewa mana."

"Barewa ƙaramin jirgi ne, Auta. Kujerun gabansu ɗai-ɗai ne, wannan a nan, wancan a can, hanya a tsakani. Na dabino bibbiyu ne."

"Sai me?"

Da ya ci gaba sai ya koma Larabci, ya rage murya, kamar Habi ba ta jin Larabci, ita da ta yi rabin rayuwarta tana faɗa da direbobi da shi.

"Ni zan zo in ɗauke ta. Na haura arba'in, Auta, ban taɓa zama kusa da ita ba ko na tsawon shan shayi. In na shigo ta wannan ƙofa ta fita ta waccan. A jirgi kuwa an ɗaure ta da bel, babu inda za ta. Ba sai ta ce mini komai ba. In zauna kawai."

Abrar ta fashe da dariya, ta ce lallai an haɗa wa Yumma tarko. Habi ba ta juyo ba. Hannunta dai ya tsaya a cikin ƙwaryar, ɓawon gyaɗa a tsakanin yatsunta, ta kasa fasa shi. Daɗin da ta ji ya kai mata har wuya, tsoro kuma ya biyo bayansa ya danne shi. Kafaɗa da kafaɗa, a gaban baƙi, a gaban 'yan mata masu raba abinci? Da wane ido za ta kalle shi, a ina za ta ajiye fuskarta? Uwarta ta mutu ba ta taɓa haɗa ido da yayan Habi ba, kuma kowa ya ce mutuniyar kirki ce.

Salih ya yanki tikiti biyu a kamfanin dabino. Ya zo ƙauye da motar haya, ya kwana a ɗakin da ya tashi a ciki. Da safe, bayan an sa jakar Habi a mota, ta fito tsakar gida da tsohon zanen aikinta, da kwando a ka. Ta dubi Abrar, ba ta dubi inda yake tsaye ba.

"A gaya wa wancan albasa ta isa cira. In na bar ta mako guda ruɓewa za ta yi."

"Yumma! Albasa? An biya kuɗin jirgi!"

Salih ya ɗaga wa ƙanwarsa hannu. Ya matso, ya durƙusa ɗan nesa da uwar kamar yadda ya saba, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya tambaye ta kai-tsaye.

"Adda, albasa ce, ko ni ne?"

Amsar tana bakinta. Wallahi tana bakinta. Amma maƙwabta sun taru a ƙofar gida don yi mata rakiya, ga direba yana kallo, sai ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska, ta tsura wa ƙasa ido. Ya jira. Da ya ga ba za ta ce komai ba sai ya yi 'yar dariya ya miƙe, ya karkaɗe gwiwar wandonsa.

"Ba komai, Adda. Rasid ba ya ruɓewa kamar albasa. Da Sallah zan dawo."

Ya sa aka sauke jakarta. Tana tsaye bayan zana ta ga motar ta tafi, ta ga bai waiwayo ba. Ranar ta je gona, amma ko kwando ɗaya ba ta cika ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne tun a wannan makon ta yanke shawara za ta je. Ta aiki Birki-sai-Allah ya sayo mata sabon tob a Sannar, ruwan toka mai 'yan furanni, ta ɓoye a ƙasan akwati. In ta hau motar kasuwa sai ta zaɓi wurin da za ta matsu da mutum, wai tana koyo. Akwai ma ranar da tana ita kaɗai a gonar albasa, babu kowa sai injin ban ruwa yana ƙara, ta ce bari ta gwada sunan a bakinta ta ji. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta buɗe baki, sai kunya ta kama ta kamar an kama ta tana sata. Ta ce wa kanta ba gaggawa, in an hau jirgin a gani. Tsohuwa da wayonta, ta ɗauka lokaci ma irin direbobin mararraba ne, in ta daka masa tsawa zai tsaya.

Azumi ya kama. A goman ƙarshe Salih ya sauka Khartum don ya gama wani aikin kamfani, daga nan ya gangaro ƙauye ya yi Sallah, ya tafi da ita. Yana can harbe-harbe suka tashi. Kwanakin farko yana kiran Abrar, yana cewa yana gidan wani abokin aikinsa, lafiya lau, a gaya wa Adda kada ta damu. Daga baya waya ta daina shiga. Bayan Sallah da 'yan kwanaki wani mutum da ba su sani ba ya kira da wayar Salih. Ya ce Salih ya fita nemo wa mutanen gidan ruwa ne, harsashin da ba shi aka nufa da shi ba ya same shi a bakin titi. Ya ce sun yi masa sutura gwargwadon hali, sun binne shi a wani fili kusa da masallacin unguwar, domin babu hanyar zuwa maƙabarta.

Abrar ta faɗi tana birgima. Habi ta ce innalillahi, ta shiga ɗaki ta fito da tabarmi ta shimfiɗa wa masu zuwa.

Zaman makokin nan shi ne abu mafi muni da aka taɓa yi mata, kuma da alheri aka yi shi. Matan Larabawa suna shigowa da kururuwa, su rungume ta suna kiran sunansa, ita tana zaune ƙyam, idonta a bushe, tana cewa an gode, Allah ya ba da lada. Tsofaffin ƙauye kuma suna yaba ta a gabanta. "Kun ga 'yar asali. Ko a mutuwa ba ta zubar da kunya ba." Kowane yabo sai ta ji kamar an ɗora mata dutse a ƙirji. Ibtisam ta kira daga Bur Sudan tana kuka, ta yi ta magana, ta jira uwar mijinta ta ce wani abu game da shi. Habi ta ce, "Allah ya ji ƙan wancan." Yarinyar ta kashe wayar. Daga ranar, in ta kira, Abrar take nema.

Habi ta koma gindin dogonyaro, amma motoci sun ragu, kuma waɗanda ke wucewa cike suke da masu gudu da katifu a kan rufi. Ta daina tsokanar kowa. Da kaka ta zo ta soya gyaɗar farko, ta ƙulle a leda biyu kafin ta tuna. Ta daɗe tana riƙe da ƙullin, sannan ta sa shi a akwati kusa da tob ɗin.

Da damina ta zagayo yaƙin ya iso yankinsu. Suka bar gida da abin da hannu zai iya ɗauka, suka bi ayarin mutane cikin taɓo, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan tarakta, Abrar tana tallafe da ita, gwiwar ta kumbura ta yi kamar tulu. Suka yi Gadarif, daga nan suka kai Kasala, inda wasu dangin Almu suka ba su rabin rumfa a tsakar gida. Habi mai laƙaba wa kowa suna ta zama tsohuwar da ba a san sunanta ba, sai dai a ce Hajja.

Suna can Ibtisam ta aiko cewa su taho Bur Sudan, ɗakin baƙi yana nan, kuma yarinya ta fara magana ba ta san kakarta ba. Abrar ce ta tuna da rasid. Ta ji an ce kamfanin dabino yana tashi daga Kasala yanzu, kuma saboda yaƙi sun ƙara wa masu rasid wa'adi. Ta ɗauki uwar a raksha, keken haya mai ƙafa uku, suka je ofishinsu.

Ma'aikacin, wani mai gilashi da ya ga mutane iri-iri a shekarar nan, ya duba na'urarsa ya ce e, akwai rasid biyu, daraja ta ɗaya, kuma kuɗin sun isa tafiya Bur Sudan. Abrar ta ce to a yanka wa uwarta ɗaya, ɗayan a juya shi da sunanta. Ya girgiza kai. Rasid na mai sunan ne, in ji shi, ba a juya shi ga wani, ko ƙanwa ko mata. Abrar ta roƙa, ta yi fushi, ta kawo misalai, mutumin yana ba ta haƙuri. A ƙarshe ta juyo.

"Tashi mu tafi, Yumma. Mu hau bas tare. Na Yaya ya tafi ke nan."

Habi ba ta tashi ba.

"A yanka duka biyun," ta ce.

"Yumma, ba kya ji ba ne? Ba za su ba ni ba."

"Na ji. Ba ke na ce a ba ba. Yadda ya saya, haka za a yanka. Kusa da juna."

Ma'aikacin ya dubi tsohuwar ta saman gilashinsa, ya tambaya a hankali ko mai ɗayan sunan zai samu zuwa. Babu wadda ta amsa. Ya ɗan jira, sannan ya sunkuyar da kai ya danna abin da zai danna, ya miƙo takardu biyu da hannu bibbiyu.

Abrar ta riga ta tafiya a bas da kayansu, don ta tare ta a can. Ranar tafiya Habi ta yi wanka, ta fito da tob ɗin ruwan toka, wanda ya yi gudun hijira a ƙasan akwati ba a taɓa yafa shi ba. Ɗaya daga cikin dangin Almu ya kai ta filin jirgi, ya damƙa ta ga ma'aikata. Jirgin ya makara, kamar yadda aka faɗa tun farko. Da aka fara shiga, aka tura ta a keken marasa lafiya har gindin matakala, maza biyu suka tallafa mata ta hau.

Kujerar tana da faɗi, Salih ya yi gaskiya. Ta miƙe ƙafar hagu har ƙarshe ba ta taɓa komai ba. An ba ta gefen taga. Ta dubi ta kusa da ita: ga bel ɗinta a ninke, ga ɗan matashin kai, kuma abin da ya raba su bai wuce wurin ɗora hannu ba, faɗin tafi guda. Nan ya so ya zauna. Iyakar abin da ya roƙa ke nan a duniya, ita kuma ta ce masa albasa.

Mutane suna ta wucewa zuwa baya da jakunkuna da yara. Ta ƙofar da ke buɗe tana jin wani ma'aikaci a ƙasa yana ɗaga murya yana kiran fasinjan da ya rage, sunansa da na ubansa, yana maimaitawa. Duk filin jirgin ya ji. Habi ta damƙe ƙullin gyaɗar da ke cinyarta, wadda ta riga ta yi shekara ta daina ƙamshi.

Wata yarinya cikin masu hidimar jirgin, ba za ta wuce sa'ar Abrar ba, ta zo ta durƙusa a gabanta ta gyara mata bel. Ta dubi kujerar da babu kowa, ta yi mata magana da Larabci mai taushi.

"Hajja, mai wannan wurin tare aka yanka muku. Za mu rufe ƙofa. Kin san shi? Wane ne?"

Babu Abrar da za a ce ta gaya wa wani. Babu zana, babu ƙofar da za a fita ta baya, an ɗaure ta da bel kamar yadda ya ce.

"Salih," ta ce.

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Yarinyar ta matso da kunne, ba ta ji ba. Habi ta sake faɗa, wannan karon da muryar mararraba, wadda direba ke ji daga tsallaken titi.

"Salih. Sunansa Salih. Ɗana ne, na fari. Ni ce Ummu Salih."

Wani mai babbar jallabiya a ɗaya gefen ya ɗago daga wayarsa. Yarinyar ta ce, "To mu ƙara jiransa kaɗan, Hajja?"

"A'a, ɗiyata. Shi ne ya yi ta jira. Ku rufe."

Sai a nan kukan ya zo, wanda bai zo ba a kan tabarmar makoki, bai zo ba a cikin taɓon hanya. Ba ta rufe fuska ba. Yarinyar ta gane, ta riƙe hannunta har aka kira ta ta je ta zauna. Aka rufe ƙofa, jirgin ya yi gudu ya rabu da ƙasa, Habi ba ta ma san an tashi ba. Ta ɗora ƙullin gyaɗar a kan kujerar, ta sa tafinta a wurin ɗora hannun, ta juya gaba ɗaya ta fuskanci wajen da fuskarsa za ta kasance, ta kalle shi sosai, ido cikin ido, tana faɗin sunan a hankali, tana sake faɗa. Aka kawo shayi ya huce a gabanta.

Da suka kusa sauka matuƙin ya yi magana, mutane suka yi ta leƙen tagogi suna nuna wa yara ruwa. A ƙofar fita Abrar ta rugo ta rungume ta, Ibtisam tana tsaye a baya da yarinya a kafaɗa, ba ta matso ba.

"Yumma, kin ga tekun? Ta gefenki yake, an ce."

"Ban gani ba," in ji Habi. Ta saki Abrar, ta ɗingisa ta nufi surukarta, ta miƙa hannu biyu. "Kawo ta nan. Kawo mini ɗiyar Salih."